Buhunan da suka ɓace a cikin kwamfuta: nazarin wani littafin Excel a Maraɗi

Mangazar da wannan lamari ya faru a cikinta ta wani Alhaji ce mai harkar aya, riɗi da wake a Maraɗi. Yana saye daga kasuwannin ƙauye, wajen su Cadawa da Agye, ya tara, sannan ya sayar wa masu lodi da ke bi ta Ɗan Isa su shiga Jibiya da Katsina. Wasu su biya da sefa, wasu da naira, da dama kuma su ɗauka bashi sai kaya sun fita. Duk wannan lissafi yana cikin littafin Excel guda ɗaya, wanda wani ɗan ƙanen Alhaji ya tsara shekarun baya, kafin aiki ya mayar da shi Yamai.

Littafin yana da makro biyu, wato jerin umarnin da ake rubuta wa Excel ya aiwatar, da ke tashi da kansu ba tare da an danna komai ba. Na farko yana tashi da zarar an buɗe fayil: ya duba basussuka, ya shafa ja a kan wanda wa'adinsa ya cika. Na biyu yana tashi duk lokacin da akawu ya rubuta ciniki a layi: ya buga kwanan wata, ya juya naira zuwa sefa bisa canjin ranar, ya kuma rage adadin buhuna daga shafin ajiya. A harshen VBA da ake rubuta makro da shi, wanda ke cikin Excel tun 1993, sunan na farko Workbook_Open, na biyu kuma Worksheet_Change.

Ƙarar da ta iso mini ba ta makro ba ce. Cewa aka yi an ƙirga buhunan aya a mangaza, sun kasa abin da kwamfuta ke nunawa, kuma gibin ba ƙarami ba ne. Makulli yana hannun wani dattijo da ya daɗe yana yi wa gidan hidima. Babu wanda ya fito fili ya kira shi ɓarawo, amma an daina haɗa ido da shi, kuma ya lura. Maganar makro ta biyo baya ne a gefe, lokacin da ɗan Alhaji ya ce ai littafin ma ya fara wasa da su, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi.

Kalmar "ya ƙi" ita ce abin da aka fara warwarewa, domin ba ta nuna ciwo ɗaya. Aka bi tambayoyi a hankali. A wace kwamfuta yake ƙi? Kullum ne ko jefi-jefi? Ta wace hanya fayil ɗin ya shigo kwamfutar? In an danna Alt da F11, rubutun makro yana nan ko fanko ne? Amsoshin suka nuna cewa littafin ba ɗaya ba ne, kwafi uku ne ke yawo. Ɗaya yana tsohuwar kwamfutar ofis mai Office 2010, ɗaya yana sabuwar kwamfutar hannu ta ɗan Alhaji mai Microsoft 365, na uku kuma akawu ne ya ajiye wa kansa don ya riƙa dubawa a waya. Kowanne da irin tasa cutar.

Na akawu bai ɗauki lokaci ba. Tun daga Office 2007, fayil mai ƙarshen .xlsx ba ya iya riƙe makro, sai .xlsm ko .xlsb ko tsohon .xls. Akawu ya adana nasa a matsayin .xlsx. Excel yana yin gargaɗi a nan cewa za a rasa aikin VBA, amma gargaɗin dogo ne, kuma hannu ya riga ya saba da danna Oui. Da aka rufe fayil, makro ya tafi. Windows kuma yana ɓoye ƙarshen sunan fayil in ba a ce ya nuna ba, shi ya sa kwafin biyu suka yi kama a ido. Ko da ma bai sauya ƙarshen ba, Excel na waya ba ya gudanar da VBA, haka na cikin burauza, haka Google Sheets. Aka janye wannan kwafi daga aiki, aka sa Windows ya riƙa nuna cikakken suna.

Sabuwar kwamfutar ta fi ban sha'awa. A can makro bai taɓa tashi ba in fayil ya zo ta WhatsApp, kuma ɗan Alhaji ta burauza yake sauke shi. Wani jan layi yana bayyana a sama mai cewa RISQUE DE SÉCURITÉ, wato haɗarin tsaro da Faransanci, ba tare da maɓallin Activer le contenu mai ba makro izini, da aka saba gani a layin rawaya, ba. Amma ya rantse cewa ranar da ya kwaso fayil ɗin da ƙaramin ma'ajin USB, komai ya yi aiki. Fayil ɗaya, kwamfuta ɗaya, sakamako biyu. Shi ya ɗauka WhatsApp ne ke lalata fayil a hanya.

Fayil ɗin lafiyarsa lau. Idan burauza ta sauke abu daga intanet, Windows yana manna masa wata ɓoyayyiyar shaida mai suna Zone.Identifier, wadda ke nuna daga waje ya zo. A watan Fabrairun 2022 Microsoft ya sanar cewa Office zai fara toshe makro na duk fayil mai ɗauke da wannan shaida, aka ɗan dakatar da tsarin a farkon Yuli, aka ci gaba da shi a ƙarshen watan. Shaidar tana zama ne a kan faifai mai tsarin NTFS. Yawancin ma'ajin USB kuwa FAT32 ne ko exFAT, waɗanda ba su da wurin riƙe ta. To ko fayil ya taso daga kwamfutar ofis bai taɓa bi ta intanet ba, ko ya bi ta ma'ajin shaidar ta faɗi a hanya, duk ɗaya ne, zai iso ba tambari. Office 2010 na ofis kuma ya girmi wannan doka, ba ta shafe shi ba.

Ɗan Alhaji ya riga ya bi shawarar da ta cika bidiyoyin intanet: ya shiga saitin tsaro ya zaɓi a bar kowane makro ya gudana. Bai yi masa maganin jan layin ba, domin toshewar fayil mai shaidar intanet tana gaba da wannan saiti. Abin da ya samu kawai shi ne kwamfuta a buɗe ga duk fayil marar tambari da wani zai kawo. Wannan shawara ina ƙinta ƙwarai. Makro ba ƙaramin abu ba ne, yana iya goge fayiloli, ya sauke wani shiri, ya aika saƙo da sunanka. Cutar Melissa da ta bazu a Maris 1999 makro ce a cikin takardar Word. A gidan kasuwancin da ake turo rasit da jerin farashi daga mutanen da ba a taɓa gani ido da ido ba, kuma ma'ajin USB yana yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis, bai kamata a bar ƙofar nan a buɗe ba.

Aka mayar da saitin yadda yake, wato a kashe makro amma a sanar. Ga fayil guda da aka san asalinsa, ana danna shi da maɓallin dama, a shiga Propriétés, a sa alama a Débloquer, wanda ke cire masa shaidar intanet. Tun da littafin yana yawan zuwa da komawa, aka ware masa folda guda a kwamfutar, aka shigar da ita cikin Emplacements approuvés, wato jerin wuraren da Excel ya amince da su. Duk abin da ke ciki Excel zai buɗe shi ba tambaya, don haka sharaɗin shi ne littafin mangaza kaɗai ke shiga wurin. Wasu suna amince wa wurin da saukakkun fayiloli ke faɗawa gaba ɗaya don sauƙi. Wannan daidai yake da kashe tsaron baki ɗaya.

Akwai wani ɗan kuskure da aka tarar a wannan kwamfuta, wanda ya cancanci a ambata don yana yawan faruwa. Da jan layi ya ishe shi, ɗan Alhaji ya buɗe sabon littafi ya kwafe rubutun makro duka ya zuba a Module1, sashen da ake ajiye makro na gama-gari. Nan ma shiru. Workbook_Open ba ya tashi sai yana cikin sashen ThisWorkbook, Worksheet_Change kuma sai yana cikin sashen shafin da ake so ya sa wa ido. In an sa su a wani wuri, Excel ba ya ƙorafi, yana kallonsu ne a matsayin makro na gama-gari da ke jiran a kira su. Wanda ke zama a irin Module1 ya tashi da kansa shi ne mai tsohon suna Auto_Open, shi ma ba ya tashi in wani makro ne ya buɗe littafin. Kuma duk wanda ya riƙe maɓallin Shift yayin buɗe fayil ya hana makro na buɗewa tashi.

Duk wannan bai taɓa maganar buhuna ba. A sabuwar kwamfuta ba a rubuta ciniki, dubawa kawai ake yi. Cinikin yau da kullum a tsohuwar kwamfutar ofis ake shigar da shi, kuma a can ne akawu ya ce makro yana aiki da safe, wani lokaci da rana ya tsaya, washegari ya dawo kamar ba abin da ya faru. Ya fi yawa a ranakun kasuwa, Litinin da Juma'a. Bayanin da ofishin ya yarda da shi shi ne zafi: kwamfutar ta tsufa, rana ta take, sai ta gaji. Hujjarsu ita ce in an ɗauke wuta ta mutu ta huta, da an kunna sai komai ya daidaita. Hujjar gaskiya ce, fassararta ce ba daidai ba. Zafi yana iya sa kwamfuta ta yi nauyi ko ta mutu, amma ba ya zaɓar makro ɗaya ya kashe ya bar sauran Excel yana tafiya.

Rubutun makron ne ya ba da amsa. Worksheet_Change yana tashi in an sauya wani abu a shafi, shi kuma aikinsa ya haɗa da rubuta kwanan wata a wannan shafin. Rubutun nasa sauyi ne, zai sake tayar da shi, ya sake rubutawa, ya sake tashi. Don kauce wa wannan zagaye, mai tsarawa ya yi abin da kowa ke yi: a farkon makro ya sa Application.EnableEvents ya zama False, a ƙarshe ya mayar da shi True. Kamar mai gadi ne da ke toshe kunnensa yayin da yake buga ƙofa da kansa, in ya gama ya cire. Matsalar tana tsakanin layukan biyu. In makro ya yi tuntuɓe a tsakiya, bai kai layin ƙarshe ba, kunnen yana nan a toshe. Kuma wannan saiti na Excel ne gaba ɗaya, ba na littafi ɗaya ba. Rufe fayil a sake buɗewa ba ya gyara shi muddin Excel ɗin bai rufe ba, hasali ma Workbook_Open ba zai tashi ba. Sai an rufe shirin duka, abin da tashi daga aiki da yamma ko ɗaukewar wuta ke yi musu ba su sani ba.

Saura a gano abin da ke sa shi tuntuɓe. Da aka tambayi akawu ko wani ƙaramin akwati yana fitowa, ya ce ƙwarai, yana fitowa mai maɓallin Fin (a tsayar da makro) da Débogage (a duba kuskure), shi kuma Fin yake dannawa don layi yana jiransa a waje. Bai taɓa karanta abin da ke ciki ba, kuma ban ga laifinsa ba, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa akwatin yana da nauyi. Aka roƙe shi in ya sake fitowa ya ɗauki hotonsa da waya. Hoton ya nuna Erreur d'exécution 13, Incompatibilité de type, wato makro yana jiran lamba aka ba shi rubutu.

Daga nan zaren ya warware. Windows ɗin ofis a kan tsarin Faransanci yake, inda waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta: buhu goma sha biyu da rabi ana rubuta shi 12,5. A Najeriya ɗigo ake sawa, 12.5. Abokan cinikin Katsina suna turo adadin kaya da canjin ranar ta WhatsApp da ɗigo, akawu kuma in aiki ya yi yawa sai ya kwafa ya manna kai tsaye. A Excel mai tsarin Faransanci 12.5 ba lamba ba ce, rubutu ne, kuma ana iya ganewa da ido: lamba tana jingina da dama a cikin gida, wato ƙaramin akwatin da ake rubutu a shafi, rubutu yana jingina da hagu. Makro ya zo zai ninka rubutu da farashi, ya faɗi. Akawu ya danna Fin. Daga wannan layi har a tashi, duk cinikin da aka rubuta yana shiga shafin ciniki lafiya, amma babu kwanan wata, babu juyin kuɗi, kuma babu ragin buhu daga ajiya. Kaya suna fita ta ƙofa, kwamfuta tana ci gaba da ƙirga su a ciki. Ranakun kasuwa sun fi yawan masu lodin Najeriya, shi ya sa abin ya fi aukuwa a ranakun.

An gwada wannan a gaban Alhaji. Aka manna 12.5, akwatin ya fito, aka danna Fin, aka rubuta wani ciniki, ajiya ba ta motsa ba. Aka shiga VBA da Alt da F11, aka buɗe tagar umarni da Ctrl da G, aka tambayi matsayin Application.EnableEvents, ya amsa Faux, wato False. Aka mayar da shi True a wurin, aka sake rubuta ciniki, ajiya ta ragu. Sannan aka koma baya cikin shafin ciniki aka tace layukan da ba su da kwanan wata. Ba a warwatse suke ba, a dunƙule suke, kuma kowane dunƙule yana farawa da layi mai lamba da ɗigo jingine da hagu. Da aka tara buhunan aya na waɗannan layuka, suka cike gibin da ake nema.

Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sa ɗansa ya kira dattijon. Ɗan ya ce, "Baba, ko a bari sai an gama gyaran?" Alhaji ya ce a kira shi yanzu. A gaban ma'aikata ya gaya masa cewa kayan sun cika, kuma ya nemi ya yafe. Na kawo wannan ne don a san nauyin abin da ake magana a kai. Mutum ya kusa rasa mutuncinsa saboda layi ɗaya na makro da bai samu gudana ba.

Gyaran makron kansa gajere ne. Aka sa On Error GoTo a farko, yadda ko me ya faru makro zai sauka a wani sashe na ƙarshe da ke mayar da EnableEvents zuwa True, ya kuma fito da saƙo da Hausa mai faɗin layin da ya samu matsala. Aka sa ya duba adadi kafin ya yi lissafi: in rubutu ne mai ɗigo ya juya shi lamba, in wani abu ne daban ya ƙi karɓa ya faɗi dalili. Wani zai ce me ya hana a sa Validation des données, mai tantance abin da ake shigarwa, a gidajen kawai. An sa, amma ba ta isa ba, domin tana tare abin da aka buga da hannu ne, ba ta tare abin da aka manna, kuma mannawa ita ce tushen matsalar.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne abin da aka yi bayan wannan. Makro zai sake ƙin tashi wata rana, ko don sabuwar kwamfuta, ko don jan layi, ko don wani ya riƙe Shift, ko don kuskuren da ba a hango ba. Illar ba a ƙin tashin take ba, a shirun take. Littafin da makronsa ya tsaya yana kama da mai lafiya sak, kuma makro ba zai iya ba da labarin tsayuwarsa ba tun da ba ya gudana. Dole shaidar ta fito daga abin da ba ya dogara da shi. Don haka aka yi amfani da Mise en forme conditionnelle, mai sauya launin gida bisa sharaɗi, wadda ke aiki ko makro yana raye ko ba ya raye: duk layin da ke da adadi amma babu kwanan wata yana rikiɗa ja nan take. A saman shafi kuma aka ware gida guda da Workbook_Open ke rubuta ranar yau a ciki, gida na kusa da shi yana gwada ta da AUJOURDHUI, dabarar da ke ba da ranar yau, in ba su dace ba ya nuna da manyan baƙaƙe cewa makro bai tashi ba, kada a rubuta ciniki.

Sai kuma ragin buhuna, wanda aka ƙwace daga hannun makro gaba ɗaya. Tsarin farko yana ɗaukar adadin ajiya ya rage ya rubuta sabo a kan tsoho, don haka ragin da aka tsallake ya tafi ke nan ba alama. Yanzu ajiya dabara ce ta SOMME.SI: jimlar abin da ya shigo, a cire jimlar abin da ya fita, kai tsaye daga layukan. Ra'ayina shi ne duk lissafin da dabarar cikin gida za ta iya, kada a ba makro. A bar masa abin da dabara ba ta iyawa, kamar buga kwanan wata da ba zai sauya gobe ba. Dabarar ma tana tsallake lambar da ta zama rubutu, shi ya sa aka ƙara wa jan launin sharaɗi na biyu, ya kama duk adadin da ba lamba ba.

Alhaji yana son ganin lissafi a wayarsa in yana tafiya, to aka daina tura littafin kansa. Akawu yana fitar da shafin ajiya da na basussuka a matsayin PDF da yamma ya tura. Littafin da ake rubutu a ciki ya koma guda ɗaya, a kwamfutar ofis, ana kwafarsa zuwa ma'ajin USB da aka keɓe masa.

Abin da ba a iya dawo da shi daga kwamfuta ba shi ne kwanan watan tsofaffin layukan da canjin naira na waɗancan ranaku, tun da ba a taɓa rubuta su ba. Wannan ya shafi basussuka, domin bashin da ba shi da rana ba ya yin ja, kuma an tarar da wasu da wa'adinsu ya wuce ba a bi ba. Akawu ya koma kan takardun lodi da saƙonnin WhatsApp na abokan ciniki, yana cike layukan ɗaya bayan ɗaya. Inda takarda da saƙo suka saɓa, littafin hannu na dattijon mai makulli aka bi, wanda yake rubuta kowace mota da adadin buhunanta a ranar da ta fita.